Ramin da ke wuyan Baba

Babana ladan ne a wani ƙaramin masallaci a unguwar Poumpoumré da ke Garwa ta Kamaru, tun kafin a haife ni. Ko lasifika ta lalace ba ruwansa, har bakin titi ake jin sa. Wata ranar kasuwa ya faɗi daga babur a hanyar Figil, haƙarƙarinsa ya karye, aka kawo shi asibiti a Garwa, aka zura masa roba ta baki har cikin maƙogwaro, inji yana yi masa numfashi.

A gidanmu ni ce mai karanta takarda. Ina koyarwa a makarantar sakandare, ina jin Faransanci, saboda haka duk abin da likita ya faɗa sai ya bi ta bakina kafin ya kai kunnen Inna. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ina jin daɗin wannan matsayi ba kaɗan ba.

Da ya yi kwana takwas, likitan ya kira ni gefe. Ya ce robar ta daɗe, tana gurzar wurin da murya take fita, gara a buɗe masa ƙofar iska a wuya a cire ta. Hanya biyu ce. Ko a kai shi ɗakin tiyata a tsaga da wuƙa, likita yana kallon abin da yake yi, ko a huda da allura a kan gadonsa, a riƙa faɗaɗa ramin kaɗan-kaɗan har bututu ya shiga. Ya ce kayan allurar sun ƙare, sai an aiko daga Yawunde, amma tiyatar ko gobe da safe zai yi.

Na koma benci na buɗe waya. Cikin rabin awa na zama likita! Na karanta cewa ta allura ba ta barin babban tabo, shi ke nan na kafe. Gaskiyar kuma ita ce na kasa tunanin yadda zan dubi Inna in ce za a sa wa mijinta wuƙa a wuya. Allura kowa ya saba da ita. Na je na ce mata akwai sabuwar hanya mai sauƙi, kwana biyu kawai za mu jira. Maganar tiyatar gobe ban ma ɗauko ta ba.

"To, 'yar nan, ke kika san abinsu," in ji Inna.

Likitan ya sake nemana washegari. Na ɗaga masa murya da Faransancin da nake tinƙaho da shi, na ce ubana ba ragon layya ba ne. Ya ce, "Madam, tabo a waje yake. Ni abin da ke ciki nake ji." Wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, ta kama hannuna ta yi mini magana da Fulatanci a hankali, ta ce in sa hannu a takardar. Na fizge hannuna.

Kwana biyu suka zama tara. Kullum a ce kayan suna hanya. Yayana da ke aiki a Tcholliré ya bugo waya yana tambaya, na ce masa likitoci ne suka ce a jira. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma bakina bai ko yi rawa ba.

Ran na tara zazzaɓi ya rufe Baba, na tsorata, na sa hannu. Ko awa ɗaya ba su yi a ɗakin tiyata ba. Tabon da na tayar da hankalin duniya a kansa bai kai tsawon ɗan yatsana ba, wuyan riga ma yana rufe shi.

Baba ya tashi, amma muryar ba ta tashi ba. Likitan ya ce maƙogwaron ya ƙuntace a ciki, bututun zai zauna, wataƙila har abada. Na tambaye shi ko da an yi tun farko da ba haka ba. Ya ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan wannan. Kirki ya yi mini, ni ban yarda da shi ba.

Yanzu wani maƙwabcinmu ne yake kiran salla. Baba yana zaune a tabarma a zaure, in an fara sai leɓɓansa su riƙa bi. In zai yi magana sai ya toshe bakin bututun da yatsa, ta fito kamar iska a tsagar ƙofa. Kunya nake ji, wallahi, har na rage zuwa gidan.

Da sallar Idin da ta wuce gidan ya cika da baƙi. Baba ya yafito ni, na durƙusa na kai kunnena. Ya ɗora yatsa a wuyansa, ya tattaro numfashi da ƙyar.

"Faɗa musu da ƙarfi, ni ba za su ji ni ba. Ki ce wannan 'yar ita ta tsaya mini a asibiti. Allah ya yi mata albarka."

Na miƙe, na faɗa musu da muryata. Duk zauren ya ce amin.