Hannu a Kafaɗar Surajo

Malam Mainasara yana nuna bambanci tsakanin ɗalibansa, kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoyewa ba. Kowace shekara sai ya fitar da 'yan lelensa. In abokan aiki suka yi masa magana sai ya ce, "Ina da su mana. Ku ma kuna da su, naku dai 'ya'yan manya ne." Bakin nan nasa bai bar masa aboki ko ɗaya a ofishin malamai ba.

Mutumin Kiru ne. Da ya gama kwalejin horon malamai aka turo shi wata sakandaren maza ta jeka-ka-dawo a ƙasar Tudun Wada, yana koyar da aikin gona. Wajen ƙarshen shekarun 1980 aka ba shi riƙon aji biyu, a nan ya haɗu da yara biyun da suka zama 'yan lelensa na ƙarshe.

Na farko Dikko, ɗan Fulani daga wata ruga a hanyar Doguwa, yana zaune a gari wurin kawunsa. Abin da aka faɗa a aji sau ɗaya ya zauna masa ke nan. Amma a miƙa masa littafi, sai gumi ya keto masa. "Malam, ba sa tsayawa," in ji shi. "Haruffan nan kamar garken da aka koro suke." Tun firamare yake shan bulala, ana ce masa malalaci.

Na biyu Surajo, ɗan wani ma'aunin hatsi a kasuwa. Shi ko jarida ka ba shi zai karance ta ba gargada. Ba ya kallon idon mutum, wannan bai dami kowa ba, an ɗauka kunya ce. Abin da ba a yafe masa ba shi ne zai wuce babba bai gaishe shi ba. Sannan ga ƙararrawa. Ƙararrawar makarantar tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a jikin darbejiya. In aka doka shi ba zato, Surajo sai ya hau kyarma yana kaɗa jiki, ranar kuma ba sauran karatu.

Malam Mainasara bai san sunan abin da ke damun ko ɗayansu ba, ba kuma wanda zai tambaya. Abin da ya yi kawai, ya haɗa su benci ɗaya a bakin taga. Surajo ya karanta, Dikko ya saurara, sannan ya warware wa Surajo abin da littafin yake nufi.

"Rediyona, a kunna mana," Dikko zai ce.

"Ni ba rediyo ba ne. Rediyo da batir yake aiki."

"To kai da me kake aiki?"

"Da koko," in ji Surajo, fuskarsa ba alamar wasa.

Sauran dabarar Dikko ne ya ƙirƙiro ta. Daga tagar yana hango ɗalibin da ke buga ƙararrawa in ya nufi bishiya. Sai ya ɗora hannu a kafaɗar Surajo, Surajo ya toshe kunnuwansa, ƙarar ta wuce lafiya. In sun hango babba a hanya ya raɗa masa, "Gaisuwa," Surajo ya durƙusa. Shekarar nan ba wanda aka doka a cikinsu. Burin Malam Mainasara bai wuce ya ga sun shiga aji uku tare ba, don ya san in aka raba su duka biyun za su zube.

Jarrabawar ƙarshen shekara ta fito. Surajo ya haye. Takardun Dikko kuwa ja ne daga sama har ƙasa. A taron malamai Malam Mainasara ya roƙi a karanta wa Dikko tambayoyin ya amsa da baki, a gaban kowa.

Malam Labaran, mai kula da jarrabawa, ya yi dariya. "Mainasara ke nan. Bara wane ne ɗan lelen? Bana kuma ɗan Fulani? In muka karanta wa naka, gobe kowa ya kawo nasa."

Da ya kwantar da murya, wataƙila da an duba. Shugaban makarantar ba mugu ba ne. Amma Mainasara ne. Ya dubi Malam Labaran ya ce, "Kai da ka shekara kana dukansa bara, harafi nawa bulalarka ta tsayar masa?"

Shugaba ya ce doka ɗaya ce ga kowa, Dikko zai maimaita aji.

A hutun nan Malam Mainasara ya hau kekensa har rugar su Dikko. Baffa Hamman, uban yaron, ya shimfiɗa masa tabarma, aka kawo nono, aka gaisa har aka gaji.

"Malam, yaron nan ya gaya mini alherinka, Allah ya biya ka," in ji Baffa. "Amma ya ce ba zai zauna aji ɗaya da ƙannensa suna yi masa dariya ba. Ni ma ba zan tilasta shi ba. Shanu ba sa tambayarsa karatu."

Dikko bai fito ba. Yana cikin bukka, Malam yana hango ƙafafunsa. Ba a jima ba Dikko ya bi shanu kudu.

Da aka koma makaranta, Malam Mainasara ya sa wani yaro ya riƙa taɓa Surajo kafin ƙararrawa. Yaron ya yi kwana kaɗan ya manta. Wata safiya ana tsaye a layi aka doka ƙarfen nan. Surajo ya faɗi yana ihu, yana buga kansa da ƙasa har goshi ya fashe. Kafin azahar gari ya ɗauka aljanu ne. Ubansa ya cire shi daga makaranta, aka shiga hayaƙi da rubutun sha. Malam ya je ya yi bayani, uban ya saurare shi da ladabi, ya raka shi bakin zaure.

Bayan 'yan makonni sai ga Surajo da safe, cikin kayan makaranta, littafi a hannu. Ya je ya tsaya a bayan tagar tsohon ajinsu. Idi maigadi ya kore shi, washegari ya dawo. Malam Mainasara ya fita ya same shi.

"Dikko ya zo?"

"Bai zo ba."

"Gobe?"

"Ban sani ba, Surajo."

Malam bai taɓa yi masa ƙarya ba, kuma tambayar ba ta taɓa canzawa ba. Ya sa aka ajiye masa benci a gindin tagar. Duk lokacin da za a buga ƙararrawa, Malam yakan bar darasinsa a tsakiya ya fita ya dafa kafaɗarsa. An yi ta ƙorafi, bai fasa ba. Shekara ba ta zagayo ba aka yi masa canji zuwa Riruwai. Can ya ƙarasa aikinsa, ba a ƙara jin yana da ɗan lele ba.

Ranar da aka yi masa sallama kafin ya tafi Riruwai, aka sayo lemo da biskit, aka ce ya yi jawabi. Kowa ya zaci zai yi godiya ya nemi gafara, yadda aka saba. Ya miƙe, ya dubi Malam Labaran, ya dubi Idi maigadi da ke bakin ƙofa.

"Gobe da safe zai zo," ya ce. "Kada a kore shi, kada a ɗauke bencin. In ya tambayi Dikko a ce bai zo ba, kada a ce masa gobe. Kuma don Allah, kafin a buga ƙarfen nan, wani a cikinku ya fita ya dafa kafaɗarsa."