Malam Sule Mai Rediyo da Sahun da Bai Cika Ba

Ina rumfa a unguwar Kol Kam ta Inugu da hantsin ranar Asabar, ina haɗa wani agogo, sai ga Bulus, mutumin kudancin Zariya da ke aikin jirgin ƙasa, maƙwabcin Malam Sule. Ya tsaya a kaina ya ce, "Malam Haruna, abokinka ya tafi. Yanzun nan." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na dubi kujerar da ke kusa da tawa, ga ƙullin zarensa nan inda ya bar shi.

Tun zamanin Turawa muke rumfa ɗaya a Inugu, ni da agogo, shi da rediyo mai kwalabe. Yawancin aikinsa a kan zaren da ke jan allurar neman tasha ne. In zaren ya tsufa, sai ka yi ta murɗawa allura ba ta motsi. Malam Sule zai kwance shi, ya goge ƙarfen da yake naɗewa, ya sa zaren dukawa da ya shafa wa ƙaro don kada ya zame. Yakan ce, "Rediyon Bahaushe a wuri ɗaya yake cinyewa." Gaskiya ne. Kowa a unguwar nan tashar Kaduna yake nema, gaba kaɗan, baya kaɗan, har zare ya ci ƙarfe. In ya ga mai garaje sai ya ce, "A hankali ake neman gida, ɗan'uwa."

Shi kansa tun da ya baro garinsu Bici bai koma ba. Amma ba ya bari tsoho ya tafi da rediyo sai ya kamo masa muryar gida, ya ga fuskarsa ta saki.

Ana saura kwanaki ya rasu, zazzaɓi na cinsa, Alhaji mai masaukin baƙi ya aiko da ƙaton rediyonsa rumfa a sake masa zare. Wai ranar Asabar za a kira sunan Alhajin a filin gaishe-gaishe na rediyo, duk unguwa za ta taru a zaurensa. Hajara, matar Malam Sule, ta hana shi fita, na hana, ya ƙi. Ya zo rumfa ya naɗa zaren, ya kuɓuce, ya sake naɗawa. Ya ce mini, "In ban yi ba, wa zai yi musu?"

To, ranar Asabar ɗin ce ya cika. Da na tafi sanar da jana'iza na tarar da zauren Alhaji maƙil, har a tsaye, kowa ya kasa kunne. Na yi sallama na faɗi abin da ya kawo ni. Aka yi salati sama-sama. Alhaji ya ce, "Allah Ya jiƙansa. Malam Haruna, ku yi gaba, ga mu nan tafe, an kusa zuwa kan sunan." Wani daga baya ya ce a yi shiru, ba a ji.

Mun jira har rana ta take. Liman ya ce gawa ba ta jiran kowa. Muka sallace shi, sahu ɗaya bai cika ba. Babu masu karɓar makara a hanya, kafaɗa ta gaji babu canji. Bulus, wanda ba addininmu ɗaya ba, shi ya bar aikinsa ya taya haƙa kabari, ya koma gefe yana share hawaye. Wallahi har yau abin na cina, kuma ba zan ɓoye ba: na ji haushin mutanenmu.

Ranar sadakar uku Alhaji ya zo, ya yi gaisuwa mai tsawo. Da zai tashi ya sunkuyo ya ce, "Af, yanzu wa ka sani da ya iya zaren nan? Ka san abu ne mai tsinkewa." Na ce ban san kowa ba.

Allah Ya jiƙan Malam Sule, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya kai shi gidan da ya fi Bici. Allah Ya ba Hajara haƙuri, Ya raya 'ya'yan da ya bari, Ya tsaya musu inda mutane suka kasa. Mu kuma da muka rage a ƙasar nan, Allah Ya sa mu cika da imani, kada kuma ranarmu ta faɗo daidai da ranar gaishe-gaishe. Amin.