Wayar da Goggo ta ara

Kwamfutar Baffa ta ƙi kamawa, ni kuwa murna nake, don an aika a kira mai gyara, wani dogon saurayi ɗan unguwarmu ta Barade.

Shekarun casa'in ne, littattafan soyayya sun cika min kai. Na sa atamfar Sallah, na laɓe bayan labule, ina addu'ar gyaran ya daɗe.

Ya leƙa bayan kwamfutar kawai ya ce, "Baffa, ina wayar wutar?"

Goggo ta amsa daga kicin, "Baƙar nan? Tana jikin butar lantarki, ai tata ce ta ƙone!"

Kafin in kawo masa ruwa, har ya hau kekensa.

Har yau ina jin haushin butar nan. Ku fa, me ya taɓa asarar muku da kwalliya haka?