Ƙashin da ya saura a miyar uwar ango

A lokacin ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina zaune a garin Greensboro na Amurka da maigidana da 'yarmu tilo. Daga Maraɗi muka zo. Da rana ina aikin jera kaya a wani sito da ke titin Wendover, Asabar da Lahadi kuwa ni ce mai girkin suna da biki na mutanenmu. Ba yabon kai ba, hannuna yana da daɗi, amma kaina yana da tauri, don a kan tukunya ba na karɓar gyara daga kowa. Wannan taurin kai ne ya ja mini abin da zan ba ku labari.

'Yata ta gama jami'a ta kawo mana wanda take so, wani baƙar fata ɗan Amurka da ya musulunta tun kafin su haɗu, yaro mai natsuwa. Babanta ya yi bincike ya amince, aka sa ranar da mahaifiyarsa za ta zo gidanmu mu gaisa. Ana saura kwana uku 'yata ta same ni a kicin, tana magana rabi Hausa rabi Turanci kamar yadda ta saba, ta ce matar ba ta cin nama, ba ta cin kifi da ƙwai, ba ta shan madara, duk abin da ya fito daga jikin dabba ba ya shiga bakinta. Wai ta yi shekaru tana aiki a kamfanin yanka kaji, ranar da ta bar aikin ta ɗauki alkawari, yau shekara kusan talatin ba ta karya ba. Na yi dariya na ce wannan ai iyayi ne na mutanen da abinci ya yi wa yawa. Na ce ta kwantar da hankalinta, na ji.

Ranar na yi waina da miyar taushe. A wajena miyar taushe ba ƙashi ai ruwan kabewa ce kawai, kuma ba zan yarda baƙuwa ta fita ta ce uwar amarya ba ta iya girki ba. Sai na dafa ta da ƙashin rago kamar kullum, na tsame ƙashin da naman tas, na zuba mata nata a kwano daban. A raina ban ɗauka na yi laifi ba, tunda ba tsoka a ciki. Kafin a kai, 'yata ta tambaye ni sau biyu, na ce mata ba nama, har na haɗa da tsawa. Matar dattijuwa ce mai fara'a, ta ci tana yabawa. Ana cikin hira sai na ga ta tsaya. Ta sa yatsu ta ciro wani ɗan guntun ƙashi daga bakinta, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ta ajiye shi a gefen faranti. Ba ta yi faɗa ba. Ta goge hannu, ta nemi a nuna mata banɗaki, ta daɗe a ciki. Da ta fito ta yi godiya ta tafi.

Washegari ɗanta ya kawo saƙo cikin ladabi: za ta zo ɗaurin aure, amma ba za ta zauna walima ba, don ba ta son ta takura wa kowa. 'Yata ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta ce da wane ido za ta shiga dangin da uwar mijinta ta ƙi cin abincin bikinta, kuma a kan ƙaryar uwarta. Ni kuwa na dage cewa an mai da ƙaramin abu babba. Sai ta dube ni ta ce, wannan karon da Hausa tsantsa, "Mama, kin manta ganyen da aka ba ki a wurin aiki?"

Wallahi nan take na tuna. Shekarata ta farko a ƙasar nan aka yi liyafa a wurin aiki, kowa ya kawo abin da ya dafa. Wata abokiyar aikina ta zuba mini dafaffen ganye ta ce ba nama. Sai da na cinye aka gaya mini da ƙafar alade ake dafa shi, ita dai ta cire ne kafin ta kawo. Na yi amai a bayan mota, na yi ta kurkure baki ina kuka, na yi wata guda ba na gaishe ta. Yadda na ji a ranar, shi na yi wa baiwar Allah a cikin gidana. Gara ma waccan, ba ta sani ba. Ni an gaya mini, na sani, na yi.

Na sa mayafi na ce 'yata ta kai ni gidan matar. Da guntun Turancina na faɗa mata gaskiya, cewa ba kuskure ba ne, da gangan na yi, don na raina alkawarinta. Na roƙi gafara, sannan na ce mata walimar nan duka, daga farkon tebur zuwa ƙarshensa, ba za a sa abin dabba ko ɗaya ba, yadda duk kwanon da ta miƙa hannu za ta ci ba sai ta tambaya ba. Ta ce ta yafe, amma batun ci sai ta gani.

Nan fa aka ce da wa Allah ya haɗa mu. Hajiyoyin da muke biki tare suka yi mini ca. Wata ta ce biki ba nama ai zaman makoki ne, wata ta ce labari zai kai Maraɗi cewa talauci ya kama mu a Amurka. Maigidana ma ya ce in yi tebur biyu mana a huta. Na ce a'a, na riga na faɗa. Muka daidaita cewa ragon bikin za a yanka shi a gidan wansa da ke Pleasant Garden ranar ɗaurin aure, mai son nama ya je can ya ci ya ƙoshi, amma zauren walima nawa ne.

Da na zauna lissafa abin da zan dafa sai kunya ta sake kama ni, don ashe rabin abincin da na tashi da shi ba ruwansa da nama. Ɗan wake, ƙosai, alala ba ƙwai, dambu da zogale, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, awara, waina, zoɓo, kunun aya. Abin da ya ba ni wuya shi ne miya. Na ajiye dunƙulen miya da na saba sawa saboda akwai kaza a ciki, na ajiye man shanu da garin kifi. Na bi shagunan High Point Road ɗaya bayan ɗaya ina neman daddawa mai kyau, 'yata tana karanta mini bayan kowane gwangwani. Sau huɗu ina gwada taushen tana fitowa salam, sai a na biyar, da na soya albasa har ta yi ja, na ƙara daddawa da gyaɗa, maigidana ya nemi ƙari. Na sayi sababbin tukwane da ludaya. Ana gobe walima na aika aka ɗauko matar, ta zauna a kicin ɗina tana kallon duk abin da ke shiga tukunya.

Ranar walima matar ta zo, amma da 'yar kular abincinta a jaka. Na gani, ya yi mini zafi, ban kuma ga laifinta ba. Hajiyoyin da suka yi ta mita su ne suka fara cinye ɗan waken, har da neman leda. Ni idona yana kan uwar ango. Can ta taso ta zo inda nake tsaye, ta nuna miyar taushen ta tambaye ni ko za ta iya ci. Na ce, "Ki ci. Allah ne shaidata." Ta zuba, ta koma kusa da 'yata ta cinye, kular nan kuma a rufe ta koma gida.

Yanzu muna da jikoki biyu tare, muna shiri ƙwarai. Amma har yau, duk ranar da na sa mata abinci, sai ta ɗan juya cokali a ciki ta duba kafin ta kai baki. Ba ta ma san tana yi ba, ni ce nake gani, kuma ni na koya mata. 'Yan uwana mata masu girki, wanda ya zauna cin abincinki bai ga tukunyarki ba, maganarki kawai ya riƙe. In ya ce ba ya cin abu, ko dalilinsa bai yi miki ba, kada ki tsame ki ce babu. In ba za ki iya ba, ki faɗa masa gaskiya ya sha ruwa ya tashi. Ni an yafe mini, amma cokalin nan bai daina juyawa ba.