Bindigogin Kawu da Aka Sayar

Jiya na ji warin man keke a shagon tela, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Kowace Juma'a bayan La'asar yakan shimfiɗa tabarma a zaurensa na Ƙofar Guga, ya jera bindigoginsa, na toka da masu baki biyu, ya bi su da tsumma da man nan ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ko kusa ba na zuwa sai na tambaya sau uku ko akwai harsashi a ciki.

Yakan yi dariya ya ce, "Matsoraci, zo ka riƙe. Kai dai kada ka miƙa ta ga mutumin da ba ka taɓa ganin fushinsa ba."

Ya rasu shekarar da soja za su miƙa mulki, ana tsakiyar kamfe. Tun ba a raba gado ba mijin 'yarsa ya kwashe su duka ya sayar wa masu tara 'yan daba. Ni na buɗe masa ɗakin da suke, don ya ce gogewa zai yi. Da aka harbi wani magini a wurin taro, takardar bindigar da aka kama sunan Kawu ta nuna. Aka zo har zaurensa ana cigiyar mamaci kamar ɓarawo.

Har yau ina istigfari kan makullin nan. Surukin Kawu kuwa ban yafe masa ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya wanke sunansa, ya hana wancan mutumin barci har ya tsaya gaban iyalan maginin ya faɗi abin da ya yi.