Shanun Baba a Ɗaki: Ta'aziyyar Malam Muttaƙa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Janairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Muttaƙa mai gyaran rediyo a Birnin Konni, bayan doguwar jinya. Na yi kuka, amma ba zan ɓoye ba, zuciyata a sake take, domin saura kaɗan ka tafi, Malam, da haƙƙinka a wuyana.

Shekara huɗu ke nan da na ɗauko mahaifina Giɗaɗo daga rugarmu ta Badaguishiri, bayan idonsa ya rufe. Na ba shi ɗaki mai fanka, na ce na gama masa komai. Sai ya daina cin abinci. Ni ɗan fari ne, kuma a wurinmu uba ba ya ko kiran sunan ɗan fari, balle ya gaya masa damuwarsa. Kai da ka zo gyaran rediyo, kai ya gaya wa: kewar shanunsa ke cinsa.

Ba ka shawarce ni ba. Ka hau babur ka tafi rugar, ka ɗauko sautin garken yana dawowa da yamma. Ka kawo wata na'ura da kake ji da ita kamar ƙwai, wadda ke karɓar sautin sifikoki biyu da ke gaba, ta ɗan jinkirta shi, ta aika wa wasu ƙanana biyu a bayan mai sauraro, har kunne ya ɗauka wurin ya buɗe. Da farko ka danna maɓallin babban zaure, kukan shanu ya dinga amsa kuwwa. Baba ya ce, "Wa yas sa min shanu cikin masallaci?" Ka yi dariya, ka rage amon, domin daji ba shi da bango. Kana murɗawa yana gyara maka, har ya ɗaga hannu ya kira wata saniya da sunanta. Ran nan ya shanye kwanon fura.

Ni kuwa na tare ka a ƙofar gida, a gaban maƙwabta, na ce kana yaudarar tsoho makaho da kayan wasa. Gaskiyar magana, haushi ne ya ci ni, don bare ya san abin da ban sani ba. Ka bar na'urar a gidana, kuma har Baba ya rasu kana aiko masa da sabon sauti duk damina. Ni ko gaisuwa na daina yi maka, ina bin wani titi zuwa lakwal, makarantar da nake koyarwa, don kada in wuce shagonka.

Da na ji ciwonka ya tsananta, tsoro ya kama ni. Sau biyu ina isa ƙofar gidanka ina juyawa. Ranar Lahadi matarka Ummusalma ta gan ni tsaye, ta kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ta ce, "Mushe, shigo, ƙohwar nan ba ta cizo." Na durƙusa gabanka. Kai ka riga ni magana. Ka ce, "Yusuhu, tun ran nan na yahe. Tsoho ya san akwati na, ban ɓoye mishi ba. Shi yac ce kar in riƙe ka, ɗansa na, kunya ta yi muku katanga." Wannan ne karo na farko da na ji abin da mahaifina ya faɗa a kaina, kuma daga bakin wanda na zaga na ji shi. Kwana biyu bayan haka ka cika.

Allah Ya jiƙanka, Malam Muttaƙa, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Ummusalma, da 'ya'yanka Badi'a da Ƙasimu, da dukan dangi. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya yafe masa kamar yadda ya yafe mini tun ban roƙa ba.