Kabar Da Kaka Bai Kwance Ba

Wata Laraba cikin daminar shekarar da na shiga aji huɗu, na taso daga makaranta na tarar da kakana tsugune a fadamar ƙauyenmu, hannunsa cikin taɓo. Jiya-jiya ruwa ya kai masa ƙugu a wurin, yau babu shi. Sheƙoƙin da kifin bargi ya gyara cikin ciyawa, zagaye kamar faifai, duk sun fito fili, ƙwai ya bushe, ƙudaje sun rufe shi. Warin nan har yau bai bar hancina ba.

Kaka ne mai ɗaura kaba a jikin turken ƙirya da ke bakin fadama duk sanda kogi ya cika, kifi ya hauro yin ƙwai. Daga ranar babu mai jefa taru. Mu yara ko wanke-wanke sai mun gangara can ƙasa, muna ƙunƙuni. In ya kama mu da ƙugiya sai ya ce, "Ku bar masu jego su huta," ni kuma ya ce in na ƙara zai sake ni, don matarsa yake kirana. Sai 'ya'yan kifi sun bi kogi yake kwance kabar, gari ya cika da hayaƙin banda.

A shekarar da na tarar da shi tsugune ce madatsar lantarki da aka gina can sama ta fara aiki, kogi ya daina bin damina. A saki ruwa yau, a riƙe gobe. Kifi ya ɗauka cikar gaske ce, Kaka ma haka. Kowace damina ya sabunta kaba, kowace damina ya tsuguna kan busasshen ƙwai. Mutane suka gaji suka koma noman albasa, shi kuwa ya ƙi kwancewa, wai sai an ƙyanƙyashe tukuna. A haka ya rasu.

Yanzu ina karatu a ƙasar waje, a wata unguwa mai suna Wangsa Maju, inda wuta ba ta ƙiftawa. Rannan a kanti Rifkatu, abokiyar ɗakina, ta nuna mini gasasshen kifin salmon ta ce, "Kin san wannan komai nisa sai ya koma inda aka haife shi ya yi ƙwai? In dam ya tare shi, ya yi ta dukan bango till e die. Mu yi tapau, lah." Wato a ƙunshe mana mu tafi da shi. Muka kai ɗaki, amma na kasa ci.

Na kira kawuna na tambaye shi fadama. Ya ce tifofi ke ɗibar yashi a wurin, amma direbobin kewaye turken suke yi, ba su ma san na mene ne ba. Kabar ta daɗe da ruɓewa, sai dai babu wanda ya kwance ta. Har yau fadamarmu jiran kifi take.